Ƙunar Sanyi a Ƙafar Nasiru

Mutane da yawa sun tambaye ni abin da ya sami ƙanena Nasiru, har na gaji da maimaitawa a waya. Wasu sun ce haɗarin mota ya yi, wasu sun ce ciwon suga ne, akwai ma wanda ya baza a gida cewa wai inji ne ya datse masa ƙafa. Babu ko ɗaya. Sanyi ne ya ƙone shi. Na san maganar ba ta shiga kan wanda bai gani ba, ni ma da farko ba ta shiga nawa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe ta sau ɗaya daga farko har ƙarshe, don duk wanda Allah ya kai irin waɗancan ƙasashe ya san abin da zai kiyaye.

Sunana Ado. Ina aiki a wani shagon darduma da turare a unguwar Dira da ke birnin Riyad na Saudiyya, ina kwana a unguwar Manfuha, a wani gida can saman bene da muke haya mu huɗu. Nasiru shi yake bi na, ni kuma na yi masa hanya ya zo Riyad. Direba ne a gidan wani Balarabe da ake kira Abu Fahad a arewacin gari, shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama, kuma a ɗakin direba na bakin ƙofar gidan yake kwana. Ranar Juma'a kaɗai nake ganinsa. Matarsa Hadiza da 'ya'yansa biyu suna Gusau, gida ɗaya da mahaifiyarmu, Inna.

Mutanen gidan da yake aiki suna da al'ada: duk hutun sanyi sai su tafi duwatsun ƙasar Jojiya, su tafi da shi don tuƙi da ɗaukar kaya. Can ne Fahad, babban ɗan gidan, wanda kusan sa'an Nasiru ne, ya koya masa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A ɗaura maka dogayen katakai biyu a ƙafa, ka riƙe sanduna biyu, wata kujera mai rataye a jikin waya ta hau da kai ƙololuwar dutse, sannan ka gangaro. Nasiru ya iya, ya kuma so abin. Duk dawowa sai ya cika mana kunne, yana nuna mana hotuna. Na sha gaya masa cewa wannan wasan masu hali ne, in ɗayansu ya karye yana da inda zai kwanta har ya warke, mu kuwa jikinmu shi ne jarinmu. Sai ya yi dariya ya ce Yaya ba ka gani ba ne.

A tafiyarsu ta bana, ana jibi za su dawo, dusar ƙanƙara ta sauko irin wadda su kansu mutanen garin suka ce sun daɗe ba su gani ba. Wuni da kwana tana zuba. Da safe mata da yara suka ƙi fita daga otal, Abu Fahad ya ce yau babu tuƙi. Fahad kuwa ya zo ya sami Nasiru ya ce wannan ita ce ranar da masu zamiya suke jira shekara guda, sabuwar dusa mai laushi wadda ba wanda ya taka. Suka yi hayar kaya suka hau. Takalmin da aka ba Nasiru ya matse shi, amma bai koma ya canza ba, ga shi ya haɗa safa biyu irin tamu ta auduga.

Sun yi saukowa ta farko da ta biyu lafiya. A ta gaba iska ta taso, sama da ƙasa suka zama fari fat, ko hannunsa bai gani sosai. Ya rabu da Fahad. Ya kauce hanya bai sani ba, ya afka wani kwari, ya nutse har ƙugu. Katakon ƙafarsa ta dama ya ɓalle ya ɓace cikin dusar. A wajen fafutukar fitowa dusa ta cika masa takalmi, ta narke, safar ta jiƙe. Haka ya yi ta kutsawa tun kafin azahar har dab da magariba, sannan masu aikin ceto da Fahad ya kira suka same shi. Suka tambaye shi ko akwai inda yake masa ciwo, ya ce babu. Gaskiya ya faɗa, don a lokacin ƙafar ba ta jin komai.

Da ya cire takalmi a ɗakinsa, yatsun ƙafar dama sun yi fari sun ƙage kamar kitsen da aka ciro daga firji. Ya murza su, ya murza, sannan ya kara su a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki ya bar su. Bai gaya wa kowa ba. Yana tsoron kada Abu Fahad ya ce ya kawo direba ya zama kaya. Washegari shi ya loda akwatuna, shi ya sauke su a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, shi ya tuƙa iyalin har gida da wannan ƙafar.

Ranar Juma'ar farko ya zo mini a tasi, abin da bai taɓa yi ba. Na jiyo shi yana hawo bene da tsalle, yana dafa bango. Ya zauna a kan katifata ya ce in rufe ƙofa, sannan ya zare safa. Ƙafar ta kumbura har idon sawu. Yatsun sun yi bororo, wasu cike da ruwa, wasu da jini baƙi-ƙirin. Na tambaye shi wane ne ya zuba masa tafasasshen ruwa. Ya ce ba ruwa ba ne, ƙanƙara ce. Na ɗauka zolaya yake yi.

A gidanmu akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, Malam Habu, mai gadi ne a wani kamfanin gini, shi muke ɗauka uba. Ya duba ya ce ƙuna dai ƙuna ce, ko ta wuta ko ta sanyi, a shafa zuma da man habbatus sauda. Wani ɗan ɗakinmu ya ce a'a, tun da sanyi ne ya shige shi sai a fitar da shi da zafi, a gasa da ruwan gishiri mai zafi. Kowa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Muka yi duka biyun. Kashegari na kai shi wani ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya gwada masa suga ya ga lafiya lau, ya saurari labarin ƙanƙara yana kallonmu kamar bai gamsu ba, ya rubuta man shafawa da ƙwayar ciwo ya ce mu dawo bayan mako. Ban ga laifinsa sosai ba. A garin da kwalta take narkewa da rani, wa zai zo maka da ƙunar sanyi?

Nasiru ya yi wa kafilinsa waya ya ce targaɗe ya yi, yana neman 'yan kwanaki, ya zauna a wurina.

Mako na biyu ne ciwon ya farka. Ban taɓa ganin namiji babba yana cizon matashin kai ba sai a lokacin. Ya ce kamar ana soka masa allurai masu wuta ta ƙarƙashin farce. Ko bargo ba ya iya taɓa ƙafar, ga Riyad a wannan watan da nata sanyin, sai ya lulluɓe jiki duka ya bar ƙafar a waje a kan matashi. Banɗaki ni nake goya shi. Alwala ni nake kawo masa ruwa. In na tafi shago hankalina yana gida, in na dawo gida maigidan shagon yana kira. Bororon suka fashe, fatar ƙarƙashi ta fara duhu, daga shuɗi-shuɗi zuwa baƙi, ƙananan yatsun suka fara bushewa suna ƙanƙancewa kamar busasshen dabino.

Na ce masa sai mun gaya wa mutanen gidansu. Ya roƙe ni da Allah da Annabi in bari, wai iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, in suka ga ba shi da amfani takardar fita kawai za su buga masa. Na bar shi ya yi barcin rana, na ɗauki wayarsa na kira Fahad. Da ɗan Larabcin kasuwa da nake da shi na ce ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo bayan la'asar, da farar jallabiyarsa, yana ɗaga ta a kan matakalar gidanmu. Da ya ga ƙafar sai ya juya fuska, ya dafa bango. Ya yi ta cewa laifinsa ne, shi ya ja shi. Ya tambayi Nasiru don me bai faɗa ba. Nasiru ya sunkuyar da kai, ko kallona bai yi ba, kuma ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana sai dole. Washegari Fahad ya dawo da mota, ni da shi muka sauko da Nasiru, muka tafi babban asibiti.

Tun hantsi muke zaune sai bayan la'asar aka kira mu. A aika ka wannan taga, su ce waccan. A nemi iƙama, a nemi kafili, a ce na'ura ta tsaya. Ba don Fahad yana tare da mu ba, da ban san ranar da za mu ga likita ba. Wanda muka samu a ƙarshe wani dattijo ne ɗan Sudan, mai furfura a gemu, ya ce ya yi aiki shekaru a wata ƙasar sanyi. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafar ya tambayi wane dutse aka je. Sannan ya bi abin da muka yi ɗaya bayan ɗaya: an murza? An kara a wuta? An taka? An zuba ruwan zafi? Duk muka ce e. Bai yi mana faɗa ba. Ya dai cire tabarau ya goge, ya ce da a ranar farko aka kai shi asibiti can, da wataƙila ba wannan maganar ake ba.

Na tambaye shi ko yankewa za a yi. Abin da ya ce ya zauna mini har yau.

"Ba yanzu ba. Ba ni zan ja layi ba, jikin ne zai ja. Zai nuna mana inda rai ya tsaya da inda ya ƙare. In na yi gaggawa zan yanke abin da zai iya rayuwa."

Na ce har yaushe? Ya ce wata ɗaya, wata biyu, Allahu a'alam. Ya hana taka ƙafar, ya hana zuma da mai da duk wani abin da ba shi ya rubuta ba. Ya leƙa aljihun rigar Nasiru ya ga kwalin sigari, ya ce wannan da yatsunka, zaɓi ɗaya, don hayaƙi yana tsuke hanyar jini. Ya kuma ce in muka ji wari, ko muka ga ruwa yana fita, ko zazzaɓi, to gargarina ce, wato naman ya fara ruɓa, kada mu jira ranar da aka ba mu, mu taho ko a wane hali.

Daga nan muka shiga zaman jira, kuma shi ne ya fi komai cin rai. Ciwon da ake yi wa magani daban, wanda aka ce ka zuba masa ido daban. Kullum da safe kafin in tafi shago sai in kwance bandeji, in wanke, in shanya, in duba ko baƙin ya hau ko ya tsaya. Har na san kowane yatsa kamar fuskar mutum. Sau biyu a mako mu tafi wanki asibiti: goyo a sauka, tasi, layi, tasi, goyo a hawa. Bayana ya fara ciwo. Maigidan shagonmu ya yi haƙuri a farko, daga baya ya fara cewa shi ma yana da haya a kansa, ya riƙa zaftare ranakun da ban zo ba. Ba zan ce ya zalunce ni ba, amma na ji a jikina.

Kuɗin asibiti Abu Fahad ya ɗauka, wannan ba zan ɓoye ba, Allah ya saka masa. Amma jinya ba kuɗin asibiti ba ce kaɗai. Akwai tasi, akwai auduga da bandeji, akwai abincin mara lafiya, akwai mutanen gida a Gusau da suke jiran abin da muka saba aikawa. Albashin Nasiru aka rage shi, don sun ɗauki wani direba na wucin gadi. Fahad da yake zuwa kullum ya koma sau ɗaya a mako, daga nan sai saƙon waya. Shi kuma uban, duk kiran da zai yi tambaya ɗaya ce: yaushe? Ni ma da na sani da na huta.

Gida kuwa kowa ya zama likita. Kawunmu ya ce a sako shi a jirgi, akwai wani mai magani a ƙauyensu da bai taɓa barin an yanke wa mutum gaɓa ba. Yayan Hadiza ya ce a kai Balaraben ƙara. Wata gwaggonmu ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu ne, don tun da take ba ta taɓa jin sanyi ya ci naman mutum ba. Aka aiko da ƙullin garin magani ta hannun wani da ya zo Umara, ya biyo da shi har Riyad. Na karɓa na gode, na sa a saman kabad. Nasiru in yana waya da matarsa fuskarsa kawai yake nuna mata, yana murmushi, yana cewa sauƙi sai godiya. Da ya ajiye sai ya juya wa bango fuska.

Inna ce ba ta ruɗu ba. Wata rana ina shago ta sa aka kira mata ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ado, ni na haife ku. Kada ka ɓoye mini." Na fita bayan shago na gaya mata komai, har da maganar yankewa. Sai ta tambaye ni abin da ya kai shi kan dutse a ranar da masu garin ma suka shige ɗaka. Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce to, in riƙe shi da kyau, kada in yi masa gori, mai ciwo ba ya son a tuna masa hanyar da ya bi.

Ban cika wannan umarni ba. Cikin mako na biyar ko na shida na dawo da wuri wata rana, na tarar da shi ya ja jiki zuwa taga yana zuƙar sigari. Ban san lokacin da na fizge na jefar ba. Duk abin da na haɗiye tun farko ya fito. Na ce ni ina karya bayana a kan matakala, ana yanke mini albashi, 'ya'yansa suna jiran kuɗin makaranta, shi kuma yana nan yana ƙone sauran yatsun da hannunsa. Na ce duk wannan a kan me? A kan wasan yara, a kan son a ce ya iya abin Larabawa. Ya bar ni na gama. Sannan ya yi magana a hankali, ba tare da ya kalle ni ba.

"Yaya, shekara takwas ina gidan nan. Ko banɗaki na shiga da waya nake shiga, don kada a kira a rasa ni. Kai yaro makaranta, ɗauko Madam, koma ka sayo burodi, jira a mota. Ranar nan da na gangaro, dusar tana kai mini gwiwa, tana tashi tana rufe ni kamar gari, ba ƙarar komai, ko katakon ƙafata ba na ji. Ba wanda ya san inda nake, ba wanda yake kirana. Ban taɓa jin na mallaki kaina kamar lokacin ba."

Sannan ya ce, "Na san na jawo maka wahala. Ka yafe mini. Amma in na ce maka ban ji daɗinsa ba, na yi ƙarya."

Ni ma shekarata goma sha a tsaye a ƙofar shago ina kiran masu wucewa. Na shiga kicin na ɗora shayi, na daɗe a can fiye da yadda shayi yake buƙata. Da na fito ya miƙo mini kwalin sigarin da kansa. Daga ranar bai ƙara sha ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar dutse ba.

Layin da likita ya faɗa ya fito. Ƙaramin yatsa da mai bi masa sun mutu gaba ɗaya, na tsakiya rabinsa, babban kuwa baƙar fatar ta fara ɓarewa, ga sabuwa ja a ƙarƙashi. Muna murna da wannan, azumi saura kaɗan, sai wata safiya na kwance bandeji wari ya buge ni. Na taɓa goshinsa, zafi rau. Ban tsaya neman Fahad ba. Ni da Malam Habu muka sauko da shi, tsoho yana haki yana salati. A ranar aka kwantar da shi, washegari aka shiga da shi tiyata.

An cire biyu da rabin na uku. Likitan ya fito ya same ni a baranda ya ce in gode wa Allah, babban yatsa ya tsira, kuma shi ne mai riƙe tafiya, shi ne mai taka birki. Malam Habu ya matsa sai an tambayi inda za a kai abin da aka yanke, don gaɓar Musulmi ba a zubar da ita a shara. Aka ce mana asibiti suna binnewa. Da Nasiru ya farfaɗo na gaya masa, sai ya ce ashe wani sashe nasa ya riga ya sami zaman dindindin a Saudiyya ba tare da kafili ba. Na yi dariya har hawaye, kuma daga baya hawayen ba na dariya ba ne.

Azumi a tsakanin asibiti da gida muka yi shi. Ina tsayuwar shago da ƙishirwa, in sha ruwa a cikin motar haya, in kai masa abinci, in dawo. Bayan an sallame shi aka shiga koyon tafiya: da sanda biyu, da ɗaya, da bango. Wani lokaci ya ce yatsan da babu shi yana masa ƙaiƙayi, ya kai hannu ya sosa iska. Salla ta zo ta wuce, ban ma ɗinka komai ba.

Bayan salla Abu Fahad ya ce a kawo shi. Ya ba shi makulli, ya zauna a gefensa, ni ina baya, muka zaga unguwa. A wani shatale-tale ya ce ya taka birki da ƙarfi, ya taka, motar ta tsaya cak. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce khalas, shi ke nan, gobe ya dawo aiki, za a sabunta iƙama. Ya ƙara da cewa tafiyar sanyi kuma an gama, ba za a sake zuwa da shi ba. Nasiru ya ce na'am. Ta madubi na ga fuskarsa.

Yanzu yana aiki. Yana ɗan ɗingishi in ya gaji. Sanyin na'urar mota yana sa ƙafar zugi, don haka a tsakiyar zafin Riyad za ka gan shi da safa mai kauri. Likita ya ce wataƙila haka zai zauna da ita.

Ga 'yan'uwa da aiki ko karatu zai kai ƙasar ƙanƙara, abin da na koya da tsada ke nan. Takalmin da ya matse ka, mayar da shi. Safa in ta jiƙe, cire ta. In yatsa ya yi fari ya daina ji, rashin ciwon nan shi ne ciwon: kada ka murza, kada ka kara a wuta, kada ka taka, ka nemi asibitin garin a ranar, don su suka san abinsu. Kuma kada tsoron maigida ya sa ka yi shiru. Nasiru ya ɓoye don kada ya rasa aiki, ɓoyon ne ya kusa raba shi da aikin da ƙafar baki ɗaya.

Ina gode wa Malam Habu da 'yan ɗakinmu da suka jure warin magani da nishin mara lafiya wata da watanni ba su taɓa ɓata fuska ba. Ina gode wa likitan nan da ko sunansa ban riƙe daidai ba. Fahad ma na gode masa, ko da yake har yanzu ban manta shi ya ce a hau ba. Masu waya daga gida da suka fi yawan shawara fiye da tambayar yaya muke ci, Allah ya bar zumunci.

Juma'ar farko bayan komawar Nasiru aiki, na kasa tashi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, jikina ne kawai ya ƙi. Da ƙyar na je masallaci na dawo na zube a katifa da kayana. Can na ji takunsa a matakala, a hankali, yana hutawa a kowane hawa, har ya iso da ƙafarsa. Ya leƙo ya gan ni, ya ja ƙofa, ya zauna a bakinta daga waje. Ina jin yana hana 'yan ɗakinmu ɗaga murya. Sai wayata da na bari a falo ta yi ƙara, ya ɗauka. Inna ce. Na ji yana cewa, ƙasa-ƙasa, "Lafiyarsa ƙalau, Inna. Barci yake. A bar shi ya huta."

Idona biyu, ina jin komai. Ban motsa ba.